Ɗigon Mai a Hanyar Gwangwan

Inda a-kori-kurar Barau ta kwana a harabar asibiti, ƙasa ta yi baƙi kamar faɗin faifai. Ya tsuguna ya leƙa. Can tsakanin ƙafafun baya, a gindin tulun aksil, wato ƙarfen nan mai tumbi da ke raba wa tayoyin baya ƙarfi, wani ɗigon mai ya taru yana lilo. Ya yi kamar ba zai faɗo ba, sannan ya faɗo. Barau ya sa takalmi ya ja ƙasa ya rufe wurin, yadda ya saba yi a kowace tasha wata huɗu ke nan.

A bayan motar, kan katifa, an lulluɓe yayansa Shitu da zane, an ja tamfol a sama. Jiya bayan la'asar rai ya yi halinsa. Barau da matar marigayin sun so su kama hanya nan take, sai aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya har gari ya waye, asibitin kuma ko wuta babu balle ɗakin sanyi. Ciwon hanta ne, irin mai kumbura ciki. Ma'aikacin da ya taya su ɗauko shi ya ja Barau gefe ya ce masa, don Allah kada azahar ta same su a hanya.

Kwana uku kafin nan Shitu ya riƙe masa hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage.

"Barau, abu ɗaya nake so. Kada ka bar ni a Karaye. Ka kai ni Gwangwan, kusa da Baba. Akwai fili a gefensa, na sha zuwa na gani."

"Haba Yaya, ai da ƙafarka za ka koma."

"Ban tambaye ka zancen ƙafata ba. Ka ce to."

"To, Yaya."

Tun da asuba Muntaka, ɗan baffansu, ya hau babur ya yi gaba don a haƙa kabari. Saura aikin Barau: ya kai shi.

Shekara talatin Shitu ya yi yana gyaran mota a tashar Rogo, kuma in ba don shi ba da tuni masu sayen tsohon ƙarfe sun auna wannan a-kori-kura a sikeli. Shi ya fara ganin yoyon, tun kafin ruwan farko. Ya kwanta a ƙasan motar, ya kwance notin tulun, ya zura yatsa, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya fito da baƙin tabo a ƙarƙashin hanci kamar kullum. Barau ya yi masa dariyar da ya saba, ya ce ga gashin bakin makanikai ya fito.

"Yi dariyarka," in ji Shitu. "Sil ɗin da ke tare mai ya tafi, ɗan bututun da tulun ke numfashi da shi kuma ya toshe. Ka kawo min ita wuni ɗaya tak in sauke ta."

Barau ya ce gobe. To, goben direban haya kuwa ba ta da rana. Yau kasuwar Karaye, jibi ɗaukar taki, gata an yi masa alkawarin lodin iri zuwa Ruwan Bago. Ranar da ya ga dama ya kai ta, Shitu ba ya iya kwanciya a ƙasan mota, ciki ya yi gaba, ido ya yi rawaya. Yana zaune kan benci ya tura masa galan ɗinsa na man giya da ƙafa.

"Riƙa ƙara mata kafin in warware. Tsohuwar mota, mai kauri take so. Kada ka zuba mata ruwa-ruwa."

Galan ɗin ya ƙare makon jiya. Barau ya yi niyyar sayen wani, jinya ta sha kansa, ya sake cewa gobe. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga shi ranar tafiyar ta zo, goran ma a fashe.

Kande, matar Shitu, ta shiga gaba ta zauna, ta rungume jakar kayan mijinta a cinya. Idonta ya kumbura, muryarta ta dishe. Tun jiya ba ta ce komai ba sai salati. Barau ya yi bismilla ya tayar da mota.

Ba su yi nisa da gari ba suka tarar da motoci sun yi layi. Ruwan jiya ya cinye kwalbati, titi ya rabu biyu. Masu babura suka nuna masa hanyar ƙauye da ke zagayawa ta gonaki da fadama, suka ce in motarsa tana da ƙarfi zai fita. Ya karya kan mota ya sauka daga kwalta. A nan ne ya fara jin kukan, siriri, daga baya, irin na sauro a kunne. In ya taka totur sai ya ƙaru, in ya saki sai ya lafa. Ya san kukan. Tulun ya bushe.

A wata mararraba akwai rumfar kara, da kwalaben fetur jere a kan tebur. Mai rumfar, wani siririn mutum mai suna Sulle, ya taso da fara'ar ciniki, amma da ya hangi tamfol da yadda Kande ta sunkuyar da kai sai fara'ar ta ɗauke.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Rashi aka yi?"

"Yayana ne."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, na gode. Man giya nake so, na aksil. Lamba ɗari da arba'in."

Kafin Sulle ya amsa Barau ya riga ya shige ƙasan mota da sifana. Notin ya yi zafi har sai da ya naɗe hannu da tsumma. Ya zura yatsa iya tsawonsa, ya fito da shi a bushe, sai ɗan baƙin dussa mai ƙyalli a kan farce. Garin ƙarfe ne.

"Ɗari da arba'in ya ƙare min tun wancan mako," in ji Sulle. "Amma ga casa'in, na gwangwani. Ko buɗe shi ba a yi ba, duba hatiminsa."

Barau ya karɓi gwangwanin ya girgiza a kunne. Ya ji man yana kai da komo a ciki, sakwa-sakwa, ba nauyi. Ruwa-ruwa ke nan, abin da Yaya ya hana. Ya ajiye. Idonsa ya sauka kan wata jarka a ƙarƙashin tebur, bakinta ya yi danƙo.

"Wancan fa?"

Sulle ya sosa ƙeya. "Wancan wani ne ya kawo min daga birni, ya ce wai na manyan motoci ne. Masu amalanke da masu injin niƙa su ke saya. Ni dai ba zan rantse maka a kansa ba."

Barau ya tsoma yatsa ya murza, yadda ya ga Shitu yana yi sau ba adadi. Ya raba yatsun, man ya ja zare, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Wata huɗu Yaya yana faɗa masa magana yana sa ƙafa yana shurewa. Yau dai, ko sau ɗaya, zai yi abin da aka ce masa daidai.

"Zuba min wannan. Kwalba biyu."

"Direba, da ni ne, ga amana a bayan mota, na gwangwanin zan zuba. Shi na san abin da ke cikinsa."

"Malam, wanda ke kwance a bayan nan shekara talatin ya yi a ƙasan mota. Shi ya ce min mai kauri. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Sulle ya sunkuya ya jawo jarkar. Wa zai ja da mai gawa? Ya yanke gindin wata robar ruwa, ya ɗaura mata guntun tiyo, ya miƙa masa. Barau ya kwanta rigingine a cikin laka yana ɗura man, shi kuwa man yana tafiya a hankali kamar an roƙe shi. Sai da rana ta ɗaga sosai kafin ya cika ya fara dawowa ta bakin ramin. Ya ɗaure noti, ya goge hannu a tsumma, ya jefa tsumman kan kujera tsakaninsa da Kande.

Da suka tashi, kukan ya ɗauke. Barau ya saurara, ya sake saurarawa, ya ji shiru sai ƙarar inji. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Yaya Kande, kin ji? Ta yi shiru. In Allah ya yarda kafin azahar muna gida."

Ta juyo ta dube shi, ta dubi tsumman, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Sai ta ja hanci, ta mayar da fuska ga taga.

Hanyar ta shiga fadama. Rake a dama, shinkafa a hagu, tsakiya kuma laka ce ja mai kama taya. Barau ya sa giya ɗaya, motar tana nishi, tana jefa gindi nan da can. Duk ramin da suka faɗa sai ya waiwaya ta gilashin baya ya dubi tamfol, ya ce a ransa, yi haƙuri Yaya. Rana ta fito daga cikin gajimare da zafin nan na bayan ruwa, mai dafa mutum a cikin rigarsa. Sun yi kamar awa guda a haka.

Sai kukan ya dawo. Wannan karon ba na sauro ba ne, gurnani ne, yana jin sa har a kujera. Ƙaurin ƙarfe ya shigo ta taga. Hankali ya ce masa ya tsaya ya bari ta huce, rana kuma ta ce masa ba lokaci. Ya dubi sama, ya dubi tudun da ke gabansu inda fadama ta ƙare, ya ce bari dai ya hau wancan tukuna. Ya taka.

Suna tsakiyar hawan aka ji ƙara kamar an sari tukunyar ƙarfe da gatari. Tayoyin baya suka ƙame. Motar ta ja gindi gefe, ta tsaya a karkace a bakin wani burtali, inji ya mutu. Kande ta dafe gilashi tana salati.

Barau ya fita ya durƙusa. Tulun ya tsage daga gefe, hayaƙi yana fita, wani haƙorin ƙarfe ya leƙo ta tsagar. Man da ya ɗura da kauri yana zuba yanzu tsororo, baƙi ƙirin, ba shi da maraba da ruwan kwata. Ko shi da ba bakanike ba ya gane: tsohon baƙin man inji ne aka dama da giris, zafi ya taɓa shi ya koma asalinsa. Ya daɗe a durƙushe yana kallo har zubar ta koma ɗigo.

Ya hau kan tudu inda waya ta fi kamawa ya kira Muntaka.

"Kuna ina? Mun gama tun ɗazu, jama'a sun taru, liman yana zaune."

Barau ya faɗa masa.

"Inna lillahi. Barau, rafin da ke tsakaninmu ya kawo. Ni da na wuce da asuba a ka aka ɗauke min babur, yanzu kuwa ya fi haka. Ko na samo mota ba za ta haye ba sai dai gobe, in ba a ƙara ruwa ba."

"Ka nemo dai. Ka nemo ko mece ce."

Ya sauko ya tsaya a hanya yana duban gabas da yamma. Ba mota, ba alamarta. Mai babur ɗaya ya wuce da buhu, ya tsaya ya yi ta'aziyya, ya ce zai faɗa a gaba. Inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Da Barau ya zagayo bayan motar sai ya ga ƙudaje sun fara sauka a kan tamfol, manya, masu koren baya. Ya cire hularsa yana kora. Ya kore su nan, su sauka can. Yana cikin haka hawayen da bai zubar ba tun jiya suka zo, yana kora yana kuka, babba da shi.

A haka mutanen rugar da ke bayan burtalin suka same shi. Su biyar ne, a gabansu wani dattijo mai farin gemu da sanda a kafaɗa, ya ce sunansa Hammawa. Suka yi sallama, suka yi gaisuwa cikakkiya, suka yi ta'aziyya, sannan dattijon ya nemi izini ya ɗaga gefen tamfol kaɗan. Bai daɗe ba ya mayar. Ya ja Barau nesa da inda Kande take.

"Yaushe ya cika?"

"Jiya da la'asar."

Hammawa ya jinjina kai. "Ɗana, muna da shanun huɗa, muna da amalanke. In ka ce a ɗaura, yanzu za a ɗaura, ba za mu karɓi komai ba. Amma kafin shanu su kai bakin rafi la'asar ta wuce, rafin kuma ka ji halin da yake ciki. Dubi gabas." Hadari ya fara haɗowa, baƙi, daga ƙasa. "Bawan Allahn nan ba zai kai gobe a waje ba. Kai ma ka sani."

"Baba, alkawari na yi masa. Ya ce kusa da mahaifinmu. Kabarin yana can an haƙa."

"Kai ka yi alkawari, Allah ya ga niyyarka. Amma kowa da ƙasar da ke kiransa. Tasa a nan take."

Maganar ta yi daɗin ji, kuma Barau ya san dattijon da zuciya ɗaya ya faɗe ta. Sai dai shi ya san abin da ya tsayar da motar nan, ya san hannun da ya zuba shi. Ya tafi wajen Kande, wadda ta fito ta zauna a gindin wata ɗorawa da jakar a cinya. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Yaya Kande, kin ji abin da suke cewa. Ni na kasa. Ke za ki faɗa."

Ta shafa jakar da ke cinyarta.

"Yayanka mutum ne mai kunya," ta ce a hankali. "Ko ciwon nan ɓoye shi ya yi ta yi har ya fi ƙarfin riga. Kada ka bari mutane su toshe hanci a kansa, Barau."

Aka kewaye wuri da zana a bayan ruga. Barau da Hammawa suka yi masa wanka, suka sa shi a likkafanin da aka saya a Karaye don Gwangwan. Matan ruga suka zo suka tafi da Kande cikin bukka. Mutum goma sha ɗaya suka yi sahu, kuma sai da limamin rugar ya juyo ya tambayi sunan mamacin, don a cikinsu ba wanda ya taɓa ganinsa da rai in ba ƙaninsa ba. A tashar Rogo kuwa, da a ce can ne, da direbobi kaɗai sun cika fili. Aka rufe shi a gefen maƙabartarsu, kusa da wani kabari da Barau bai san ko na wane ne ba. Suka jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Iska ta fara kaɗawa suna addu'a.

Da ya dawo wajen mota ya tarar Kande ta riga shi. Tana tsaye a ƙofar gaba, tsumman da ya goge hannu yana hannunta. Ta kai shi hanci, ta sauke.

"Barau, wane irin mai ka zuba?"

"Mai kauri. Yadda ya ce."

"Ba shi da wari."

Ya dube ta bai gane ba.

"Man giya wari gare shi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Shekara ashirin da shida ina wanke masa kaya, ba sabulun da ke fitar da shi. In ya sayo mai ba ya yarda da shi sai ya shinshina, ya ce kauri kowa ma yana iya haɗawa, warin ne ba a iya yi na ƙarya." Ta ninke tsumman biyu, ta sake ninkewa. "Da ka shigo mota ɗazu ban ji shi a jikinka ba. Na so in yi magana. Sai na ce ko hancina ne ya toshe da kuka."

Ta zuge jakar da ke rataye a kafaɗarta ta ciro tsohuwar rigar aikin Shitu, wadda ya dage sai an tafi masa da ita asibiti. Ba ta miƙa masa ba, riƙewa kawai ta yi. Daga inda yake tsaye warin ya iso shi, mai kauri, mai hawa kai, warin da ya sani tun yana yaro a duk lokacin da Yaya ya shigo gida. Sai ga baƙin tabon nan na ƙarƙashin hanci ya dawo masa a ido. Shekara da shekaru yana kallonsa yana dariya, bai taɓa tambayar me ke kai yatsan can ba.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Muntaka ne.

"Mun ji an rufe shi a can, wani mai babur ya kawo labari bakin rafi. Allah ya jiƙansa, haka Allah ya so." Ya gyara murya. "Barau, liman yana tambaya. Ramin nan na kusa da Baba, mu mayar da ƙasa? Ga ruwa yana zuwa."

Barau ya juya ya dubi inda aka jera ƙaya. Muntaka ya kira sunansa sau biyu.

"Ku mayar," ya ce.

Ya sa wayar a aljihu. Yayyafi ya fara sauka a kan tamfol ɗin da ba kowa a ƙarƙashinsa. Kande ta mayar da rigar cikin jaka ta bi matan ruga da suka zo kiranta. Shi kuwa, don sabo, ya tsuguna ya leƙa ƙasan motar. Tulun ya huce, ya bushe ƙamas. Ya jira, ya sake jira, ko ɗigo ɗaya bai faɗo ba.